Ruwa Ya Yi Gyara

Malamin Hausa na makarantarmu a Birnin Kudu ya taɓa cewa da ana ba da maki a kan shiru, da babu mai karɓe na ɗaya a hannuna. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi tawa a bayan littafi. Ba rashin sanin amsa ke damuna ba. Da zarar an nuna ni sai in ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Amma abin da baki ya kasa, ido ya ɗauke masa. Ni ce na san malamar da ke sa ɗan kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ni ce kuma na lura cewa allon ƙofar makaranta, wanda aka shafe Kano aka rubuta Jigawa a kai bayan an ba mu sabuwar jiha, in ruwan sama ya jiƙa shi sai tsohon sunan ya leƙo ta ƙarƙashin fenti, kamar mai son ya ga yadda muke yi ba shi.

Da dogon hutu ya zo, tsakiyar damina, Baba ya sa ni a bas zuwa Gwaram wurin ƙanwarsa. Gwaggo ma'aikaciya ce a wani ofishin gwamnati mai kula da ruwan ƙauyuka. Da can tafireta take bugawa, amma a wannan shekarar an kai ta Dutse an koya mata kwamfuta, aka dawo da su tare, ita da kwamfutar, a mota ɗaya. Gwaggo ta ce kwamfutar ce ta zauna a gidan gaba, ita kuwa a baya.

Ɗakin da aka ajiye kwamfutar shi kaɗai ke da labule da na'urar sanyi a duk ofishin. Sai an cire takalmi ake shiga. An ba tela ya ɗinka mata riga, in an tashi aiki a lulluɓe ta. Masinjan ofishin, wani dattijo mai farin gemu da son zolaya, ba ya shiga sai ya yi mata sallama, ya ce bai san abin da take ji ba, gara ya fita haƙƙinta. Gwaggo kuwa dukan maɓallan take yi da ƙarfin da ta saba, kuma duk ta kai ƙarshen layi sai hannunta ya tashi neman ƙarfen tafireta da za ta tura, ya mari iska ya dawo. Ba wanda ya taɓa lura da wannan sai ni.

Tunda ba a barina a gida ni kaɗai, sai na zama 'yar ofis. Ina zama a kan wata kujera bayan ƙofa. In injin buga takarda ya gama kukansa mai kama da na zabuwa, sai in tattara gefen takardun nan masu huji-huji da ake yagewa, ina kitsa su kamar igiya.

Aikin da aka kawo kwamfutar ta yi shi ne raba rijiyoyin burtsatse. Shugaban ofishin, wanda kowa ke kira Oga, ba ya gajiya da bayaninsa. Ya ce a da, wanda ya san wani shi ke samun rijiya. Yanzu kuwa an zagaya ƙauyuka da fom, an tambayi kowa halin da ruwansa yake ciki. Inda famfo ke aiki a sa lamba ɗaya, inda ya mutu a sa biyu. Gwaggo ta zuba lambobin, kwamfuta ta jera garuruwa bisa tsananin buƙata, a kai Dutse a sa hannu, shi ke nan.

Wadda ta zagaya da fom ɗin wata 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, Kirista, doguwa, mai saurin tafiya. Kofa ake ce mata, har ta daina jiran a kira sunanta. Tana da wani ɗan littafi da take tara kalmomin Hausa a ciki, duk inda ta tsinci kalma sai ta adana. Ni da ita muka shaƙu ba tare da wahala ba, don ita tana da murya ba ta da kalmomi, ni ina da kalmomi ba ni da murya. Sai ta nuna mini kalma da biro, ta faɗi abin da take zato, ni kuma in gyaɗa kai ko in girgiza.

Wata rana ta buɗe mini wani shafi tana tsaki.

"Ƙanwata, wannan kalma, gyara. Makaniki ya ce gyara. Mai gyaɗa ta ƙara mini kaɗan, ta ce gyara. Ɗan acaɓa zai buge ni, ya ce gyara! Hausa ba su da wata kalma ne?"

Na toshe baki ina dariya. Ta nuna ma'anar farko da ta rubuta, wato a mai da abin da ya lalace ya koma aiki, ta ce ita dai wannan ta riƙe, sauran su yi ta kansu.

Mu a gidanmu maganar rijiyar nan ba ta gwamnati ba ce kawai. Kakata, mahaifiyar su Baba da kowa ke kira Inna, tana zaune a wani ɗan ƙauye a wajen Maruta. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya gare su, tun na zamanin da muke Kano, kuma ya daɗe da mutuwa har awaki sun mai da dandamalinsa wurin shan hantsi. Da damina ba a jin jiki, ana tarar ruwan rufi, rafi kuma yana kusa. Da rani kuwa sai an yi tafiya mai nisa an tona yashi, a zauna jiran ruwa ya taru a ƙwarya. Gwiwar Inna ta fara ƙin wannan tafiya. Baba ya riga ya yanke magana: in rani ya sake shiga babu ruwa a ƙauyen, zai zo da mota ya kwaso ta zuwa Birnin Kudu. Inna ta ce sai dai a kwaso ta da ɗakinta da awakinta da bishiyar tsamiyar da ke ƙofar gida. Duk mun san Baba ba ya magana biyu, mun kuma san inda ya gado hakan.

Shi ya sa ran da injin ya fitar da jerin garuruwan, Gwaggo ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi daga ƙasa har sama. Ƙauyen Inna ba ya ciki. Aka liƙa takardar a allon sanarwa, labari kuma ya riga ta isa Maruta.

Ranar kasuwa sai ga Inna. Ta sauko daga bayan babur da sandarta, ta wuce masinja, ta wuce Gwaggo, ba ta tsaya ko cire takalmi ba.

"Ina take?"

"Wa, Inna?" in ji Gwaggo.

"Mai ƙwaƙwalwar. A rediyo an ce tana da ƙwaƙwalwa."

Aka nuna mata. Ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta leƙa bayanta inda wayoyi suke, ta dawo gabanta.

"Sannu, baiwar Allah. An ce ke kika hana mu ruwa. Kin taɓa zuwa garinmu? Kin taɓa ɗaukar tulu?" Ta juya wajen Gwaggo. "Ko wuya ba ta da shi, ina za ta san zafin gammo?"

Hayaniyar ta fito da Oga. Mutum ne mai son a ga komai nasa a tsare, birona uku a aljihun gaba, kowanne da launinsa. Ya russuna ya gaishe ta, sannan ya soma karatun da ya saba.

"Inna, ki yi haƙuri. Wannan na'ura ba ta da ɗan'uwa, ba ta da suruki, ba ta cin goron kowa. Abin da aka ba ta shi take faɗa. An ba ta cewa famfonku yana aiki."

"Yana aiki? To awaki ne ke tuƙa shi?"

"Inna, kwamfuta ba ta ƙarya."

"To wani ya yi mata, ɗan nan. Ni na san mai unguwarmu ne. Mutumin da ko kunama ta harbe shi sai ya ce sauro ne."

Oga ya ce shi dai jibi da safe takarda za ta tafi Dutse, kuma in ta tafi ta tafi, sai kuma wani zagayen, wanda shi ma bai san ranarsa ba.

Suna cikin haka Kofa ta shigo da fayil a hannu. Fuskar Inna ta sake nan take.

"A'a! Ke ce? Ashe nan kike." Ta kamo hannunta tana nuna wa mutane. "Kun ga 'yar kirki. Ta zo garinmu farkon damina, mai unguwa yana gona, aka kawo ta wurina. Ta durƙusa har ƙasa. Ta gaishe ni da gida, ta gaishe ni da gajiya, har da ruwa ta gaishe ni. 'Ya'yan Hausawa ma yanzu ba su kai ta ba."

Kowa ya yi murmushi, Kofa ta ce, "Na gode, Mama." Aka wuce wurin. Ni kaɗai maganar ta tsaya wa a kunne. Har da ruwa ta gaishe ni.

Da aka fita sallar azahar na lallaɓa wurin kwalin da ake tara fom. Gwaggo lamba kawai take duba wa in tana shigarwa, idonta ba ya zuwa ko'ina sai cikin ɗan akwatin da ke kusurwa. Ni kuwa gefen takarda ne wurina. Na nemo na ƙauyen Inna. A cikin akwatin an sa ɗaya. A gefe, da kyakkyawan rubutun Kofa, ta ajiye amsar yadda ta fito daga bakin mai ita, don ta ƙara a littafinta: ruwa ya yi gyara. A ƙasa ta fassara da Turanci cewa an gyara ruwan.

Na zauna a ƙasa riƙe da takardar. Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san in damina ta sauka aka ce maka "Yaya ruwa?" amsa ɗaya ce tak, ko da ruwan ya rushe maka katanga ya tafi da kajinka. Ruwa ya yi gyara. Kofa ta yi tambayar gwamnati, Inna ta amsa gaisuwa, suka rabu kowacce tana yabon hankalin 'yar'uwarta.

Da yamma Inna ta ce ba inda za ta koma sai ta ga ƙarshen maganar, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Gwaggo tana ci gaba da wanke mai unguwa tas. Na bi Gwaggo madafa, na zaro fom ɗin daga cikin littafina, na ɗora yatsa a wurin. Ta karanta. Ta sake karantawa. Sai ta jingina da bango tana dariya ba sauti, muciya a hannu, hawaye na zuba. Can kuma dariyar ta tsaya cak.

"To wa zai gaya wa Oga? In ni na je, cewa zai yi ina nema wa garin uwata hanya. Abin da aka kawo na'urar ta hana ke nan. Kuma ya riga ya cika baki a Dutse cewa aikinsa ba kuskure. Ga yarinyar mutane, a rubuta mata takardar laifi a ƙara mata wata a kan bautarta." Ta mayar mini da fom ɗin. "Mutumin nan ba ya jin magana sai wadda ta fito daga bakinsa. Mai da wannan inda kika ɗauko."

Ban mayar ba. Maganarta ta ƙarshe ce ta bi ni har wurin wanke-wanke: sai wadda ta fito daga bakinsa.

Akwai wani abin kunya da ofishin ke fama da shi wanda ba a son baƙi su lura. Ofishin ruwa ne, amma famfon da ke harabarsa ya fi shekara bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa ke cika musu randa. Oga ya rubuta wasiƙu a kai har Gwaggo ta haddace su. Rufin ɗakinsa kuma yana yoyo daidai gefen teburinsa.

Washegari aka tashi da ruwa. Muka isa ofis a jiƙe, Inna ma ta biyo mu ta zauna a bencin baranda, ta ce gadin takardar take yi kada ta tafi Dutse ba sallama. Na leƙa ɗakin Oga na ga bokiti biyu da kwanon sha a ƙasa, kowanne da irin ƙarar ɗigonsa. Shi kuma ya duƙufa yana sa hannu a wasiƙar da za ta raka jerin.

Na ɗauki fom wanda ba a cike ba. A wurin sunan gari na rubuta sunan ofishin, da rubutuna mafi kyau. Na sami Kofa tana matse gefen siket ɗinta, na miƙa mata, na yi mata jimla mafi tsawo da ta taɓa ji daga bakina.

"An manta ba a tambayi ofishin nan ba."

Ta dubi fom ɗin, ta dube ni. Kofa ba ta son a ce ta bar aiki da saura. Ta zaro biro ta nufi ɗakin Oga, ni kuma na bi ta na maƙale a bakin ƙofa.

"Ina kwana, Oga."

"Lafiya lau, Kofa." Bai ɗago ba.

"Oga, yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Ɗigo ya faɗa cikin kwanon sha, ƙwal. Kofa ta dubi bokitan. Ta dubi famfon harabar ta taga, da ciyawar da ta fito a bakinsa. Na ga goshinta ya tattare.

"Oga, ya yi gyara?"

"Sosai ma, alhamdulillahi. Hausarki tana kyau." Ya juya shafi.

Ta ɗaga kafaɗa, ta sa ɗaya a cikin akwati, ta kai wa Gwaggo. Gwaggo ta ga rubutun da ke sama, ta gane mai shi. Ta ɗago ta yi mini wani dogon kallo, irin wanda ban san ko duka ne zai biyo bayansa ko tukuici ba. Sannan ta gyara zama ta shigar da shi, a hankali, karon farko da na ga ta taɓa maɓallan kamar ƙwai. Injin ya yi kukansa. Ta yage takardar ta ba masinja.

"Baba, kai wa Oga. Ƙarin bayani ne ya shigo."

Ba a yi minti biyu ba muka ji kujera ta ja baya da ƙarfi. Oga ya fito da takardar a hannu, ya shigo ɗakin kwamfuta da takalminsa.

"Wane maƙaryacin ne ya ce famfon ofishin nan yana aiki? Shekara guda ina rubutu! Yanzu in wannan ta je Dutse, wa zai sake saurarena? Wa ya ba da wannan amsa?"

Kofa ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Oga, kai ne."

"Ni?"

"Yanzu-yanzu. Na ce yaya ruwa, ka ce ya yi gyara. Na sake tambaya, ka ce sosai."

"Ke! Ai wannan gaisuwa ce!"

Masinja ya shafa gemunsa yana kallon silin.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni dai an gaya mini kwamfuta ba ta ƙarya."

Oga ya harare shi, ya fizgi fom ɗin daga teburin Gwaggo, ya ga rubutun yara a sama.

"Wannan kuma hannun wa ne?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Inna ta riga ta taso daga benci ta tsaya a ƙofa, ta toshe hanyar gudu. Na fito daga bayan ƙofar, na buɗe littafina, na miƙa masa fom ɗin ƙauyenmu da hannu biyu. Harshen ya yi nauyin da ya saba. Na ɗaga shi da ƙyar.

"Inna ma gaisuwa ta amsa."

Ya karanta gefen takardar. Na ga leɓensa yana motsi a kan kalmomin nan huɗu. Ya zauna a kujerar Gwaggo ba tare da ya sani ba.

Inna ta ce a gaya mata abin da ake ciki. Gwaggo ta gaya mata, tana kallon ƙasa don kada dariya ta kuɓuce. Inna ta saurara har ƙarshe. Na zuba ido in ga yadda za ta yi da mai unguwar da ta kwana tana zagi.

"To me kuke so in ce?" Ta buga sanda a ƙasa. "Yarinya ta zo ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gero ya fito ya yi kore shar, ta ce mini yaya ruwa. In ce babu? In yi wa Allah butulci saboda takarda?" Ta juyo kaina. "Ke kuma ƙawata, munafuka, kin sani tun jiya kika bar ni ina ta zagin bawan Allah?"

"Ai ba ki ba ta fili ba, Inna," in ji Gwaggo.

Kofa ce ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ɗan littafinta a shafin nan tana kallo, idonta ya cika. Ta ce da Turanci laifinta ne, a hukunta ta. Oga ya tambaya a hankali wa aka haɗa ta da shi ya yi mata tafinta a wannan zagayen. Masinja ya daina shafa gemu. Ashe shi ne. Ya ce ai a kwanakin akwai gaisuwar rasuwa a Maruta da ba ta yiwuwa ya wuce, kuma ya ga Hausar yarinyar ta nuna.

"Ta nuna," in ji Oga. "Ga shi muna ci."

Aka zazzage kwalin a kan tebur. Wannan karon ba akwatin lamba aka duba ba, gefen takarda aka bi, kuma Oga da kansa ya ce a matso mini da kujera. Muka yi ta tsintar su. Wani gari ruwa ya yi gyara. Wani gari da godiya. Wani gari sai alheri. Akwai inda aka ce mata sai haƙuri, ta duba littafinta ta ga haƙuri abu ne mai kyau, ta sa ɗaya. Oga ya dafe kai. Garuruwan da suka hau jerin kuwa yawancinsu inda ta tarar da malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti suka yi Turanci.

Oga ya daɗe yana kallon wasiƙar da ya sa wa hannu. Na san abin da ke masa ciwo, don na ji shi sau da yawa yana faɗin yadda aka yaba masa a Dutse. Daga ƙarshe ya ninke ta ya sa a aljihu bayan birona, ya ce wa Gwaggo ta buga wata, a nemi ƙarin mako guda, a rubuta cewa an gano kuskure wajen tattara bayani.

"A rubuta kuskuren wa, Yallaɓai?"

"A rubuta na ofis."

Saura yadda za a sake tambayar. Oga ya ce a fassara ta da Hausa sosai: yaya halin ruwan shanku yake?

"Lafiya lau," in ji Inna daga ƙofa.

"Inna, ba ke nake tambaya ba, gwadawa nake."

"Ni ma amsar da za a ba ka nake gwada maka. Ɗan nan, in kana son gaskiya a bakin mutanenmu, kada ka ce musu yaya. Duk abin da ka fara da yaya, alhamdulillahi ce ƙarshensa. Ka ce, da rani ina kuke ɗebo ruwa? In mace ta fita da hantsi, yaushe take dawowa? Rabon da famfonku ya kawo ruwa, an yi girbi nawa? Wannan ba mai ce maka da godiya."

Oga ya zaro jan biro ya rubuta yadda ta faɗa, bai canza ko kalma ba. Inna ta leƙa takardar duk da ba ta karatun boko, ta ce a ƙara cewa a tambayi mata, don maza ba su san hanyar rafi ba sai ranar wankin babur.

Aka sake zagayen a cikin makon. Masinja bai je gaisuwar kowa ba. Kofa ta ƙara ma'ana ta huɗu a ƙarƙashin gyara, ta ja mata layi biyu. Da sabon jerin ya fito, ƙauyen Inna yana can sama-sama, ba shi ne na farko ba, don ashe akwai waɗanda suka fi su shan wuya kuma suka fi su iya godiya. Famfon ofis kuwa kwamfutar ta jefa shi can ƙasa, tunda akwai 'yan ga-ruwa a bakin titi. Oga ya kalli wurin ya yi ƙwafa.

Na koma Birnin Kudu da igiyar takarda mai tsawon da ta zagaye ɗakinmu. A aji ban canza ba, malamin Hausa ya ci gaba da ba ni na ɗaya a shiru.

Motar haƙa ta isa ƙauyen bayan an gama girbi, kafin rafi ya ƙafe. Baba bai sake ta da maganar kwaso Inna ba, ita ma ba ta tuna masa ba, sai dai duk wanda ya je daga Birnin Kudu sai ta aiko shi da tsamiya, a ce wa Baba daga bishiyar da ya so ya raba ta da ita ce.

Da ƙaramin hutu muka je da Gwaggo da Kofa, wadda ta kusa gama bautarta tana son yin sallama. Muka tarar da Inna a gindin sabon famfo tana kora awaki daga kan dandamali. Kofa ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta da gida, ta gaishe ta da gajiya. Sannan ta ɗago da fuskar marar laifi.

"Mama, yaya ruwa?"

Inna ta buɗe baki, amsar ta taho har leɓe. Sai ta tsaya. Ta dubi hannun Kofa na dama, ta dubi na hagu, ta leƙa jakarta.

"Ajiye biron nan tukuna," ta ce, "sannan in amsa miki."